Magungunan gargajiya na mutanen Ayilan: tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki shekaru ina aikin kula da tsofaffi a yammacin ƙasar Ayilan, wato Ireland, kuma kusan duk wanda ya zo sabo, ɗalibi ne ko nas ko wacce ta biyo miji, da hunturun farko ya kama shi sai in ga saƙo, wai maƙwabciya ta kawo min wani busasshen abu tace in dafa wa yaro in karɓa? wai abokin aiki yace akwai mai maganin ƙuna a ƙauyensu gaskiya ne? Shi yasa na tattara su waje ɗaya. Ni ba likita bace, abin da na gani da wanda tsofaffin nan suka faɗa min da wanda na karanta shi na rubuta.

Wai Turawan Ayilan ma suna da maganin gargajiya?

Sosai ma, kuma ba abu ɗaya bane. Akwai na kicin wanda kowace kaka ta sani, su albasa da tafarnuwa da zuma da burodi da madara. Akwai na ganyaye da tsirran bakin teku. Sai kuma wanda suke kira "the cure", da yarensu na asali leigheas, shi wannan baiwa ce da ake cewa tana jikin wani mutum ko wani gida ko wata rijiya, ba ruwanta da abin da aka sha. Yawancin rikicewar da mutanenmu ke yi daga haɗa su ne, ka ga dafa ciyawar teku da lemon tsami daban, zuwa rijiyar waliyyi daban, to kowanne da hukuncinsa a amsoshin da ke ƙasa.

Har yanzu ana yi ko tarihi ne kawai?

Ana yi. A Dublin ba lallai ka ji ba, amma a ƙauyukan Mayo, Leitrim, Cavan, Donegal da Clare ka tambayi duk manomin da ya haura sittin waye ke da maganin makero a nan, zai baka suna harda lambar waya. Kuma ba wai sun ƙi asibiti bane, mutum zai je wajen likitansa da safe ya karɓi magani, da yamma ya tuƙa mota ya je wajen mai baiwa, bai ga wani saɓani a ciki ba.

Dalilin da abin ya yi jijiya ba ɓoyayye bane. Talauci ne da nisa. Sai a 1851, ana cikin fita daga babbar yunwar da ta fara a 1845, aka yi dokar da ta shimfiɗa ƙananan ɗakunan shan magani a faɗin ƙasar, kuma ko bayan nan talaka baya kiran likita sai abu ya ci tura.

Ta yaya aka san duk waɗannan magunguna, ba a baki kawai suke ba?

Wannan shine abin da ya fi burge ni a ƙasar nan wallahi. Daga 1937 zuwa 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1935, ta sa 'yan firamare sama da 50,000 daga makarantu 5,000 su koma gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuto tatsuniyoyi da karin magana da magunguna. An samu shafi wajen 740,000 da rubutun hannun yaran. Suna ajiye a jami'ar UCD a Dublin, kuma an ɗora su a intanet a dúchas.ie kyauta, ka rubuta sunan ciwo da Turanci sai ka ga abin da kakar wani yaro ta faɗa masa shekara tamanin da wani abu da suka wuce, harda sunan ƙauyen. Wata tsohuwa da na kula da ita mun nemo shafin yayanta a ciki, ta riƙe wayar ta kasa magana.

Maƙwabciya ta bani karagin don tarin yaro, mene ne shi kuma ya ake dafawa?

Karagin, a rubuce carrageen, ciyawar teku ce ja-ja da ke fitowa a jikin duwatsun bakin ruwa, sunan ma daga kalmarsu ta ɗan ƙaramin dutse ya fito. Ana tsinka a shanya har ya yi fari-fari, ana saida shi a ƙulli a shagunan kayan lafiya da wasu manyan kantuna. Ki ɗebi kamar cikin tafin hannu ki jiƙa minti 10 zuwa 15, ki wanke yashin tas, ki sa a ruwa kofi uku ya dahu a hankali kamar minti 20, zaki ga ruwan ya yi yauƙi kamar an sa kuɓewa kaɗan, ki tace ki matsa lemon tsami ki sa zuma a sha da ɗumi. In da madara kika dafa kika bari ya huce zai daskare ya zama abin zaƙi na bayan abinci, kuma tunda tsiro ne babu zancen jelatin na alade a ciki.

Yauƙin nan ne ke lulluɓe maƙogwaro ya rage ƙaiƙayin tari, baya kashe ƙwayar cuta, to kar a ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Abu biyu a kula: ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, sannan ciyawar teku tana da aidin da yawa, mai maƙoƙo ko matsalar tayirod ko mai ciki ta tambayi likita tukuna. In tarin mai shiƙewa ne, tsallaka zuwa amsar tarin shiƙa a ƙasa.

Duk wanda ya ji ina mura sai yace in sha "hot whiskey", ya zan yi?

Giya ce da ruwan zafi da suga da yankan lemon tsami da aka soka wa kanumfari. Kar wani yace maka zafin ruwan ya kore giyar, bai kore ba. Ka cire ta kawai, ruwan zafi da lemon da kanumfari da zuma, ka ƙara citta, abin da ke sanyaya maƙogwaron duk yana nan. Kuma kar ka ji nauyin cewa baka sha, tsofaffin nan sun san abin, suna da ƙungiyar Pioneer ta masu ƙauracewa giya tun 1898, masu saka wani ɗan ƙaramin baji a ƙirji, da yawa daga waɗanda nake kula dasu ko ɗigo basu taɓa sha ba.

Me ya haɗa 7Up da ciwon ciki?

Shi kam kowane ɗan Ayilan da shi aka raine shi. Ana buɗe kwalbar a bar gas ɗin ya fita ko a ɗan tafasa, a ba mai amai ko gudawa yana kurɓa. Babba da ya kasa riƙe komai a ciki in ya kurɓi kaɗan ba laifi, amma ga yaro ba shine ba, sugan ya yi yawa gishirin ya yi kaɗan, zai iya ma ƙara gudawar. Ruwan gishiri da suga na sacet shi ake so, yana kowane famasi ba sai da takardar likita ba. In yaro ya daina jiƙa famfas, ko ya yi laushi yana ta barci baya son farkawa, ba zancen gida bane kuma, a kira likita ko 112 ko 999.

Wani ganye ya harbi ɗana a filin wasa, aka ce in goga masa wani ganyen?

Netil ne ya harbe shi, yana da ƙananan gashi masu zuba abu mai zafi a fata, ɗayan kuma dok ne mai faffaɗan ganye, yawanci kusa da juna suke fitowa. Ana murza ganyen dok a goga. Sanyin ruwan ganyen da lallashin uwa su ke yin rabin aikin, babu cutarwa a ciki, a wanke wajen da sabulu a hana shi sosawa shikenan.

Shi netil ɗin kuma abinci ne. Tsofaffi suna cewa a sha miyarsa sau uku a watan Mayu jini ya wanku har shekara ta zagayo. Ana sa safar hannu a tsinki sabon tohon sama, da ya ji ruwan zafi harbin ya mutu, a dafa da dankalin Turawa da albasa, ɗanɗanonsa kusa da alayyahu kuma yana da sinadarin ƙarfe. Amma dan Allah kar ɗokin ganye ya sa ku tsinkar abin da baku sani ba. A bakin rafukan ƙasar nan akwai wani tsiro mai kama da seleri da ake kira hemlock water dropwort, saiwarsa tana kashe saniya balle mutum. Ku duba kuma abin da na faɗa kan wani tsiron mai guba, foxglove, a amsar kimiyya a ƙasa.

Ƙuna da yanka da maruru fa, me suke yi?

Suna da karin magana cewa abin da man shanu da wiski basu warkar ba to bashi da magani, kuma da gaske a da man shanu ake shafa wa ƙuna. Wannan kam a bar shi, mai yana riƙe zafin a cikin fata ne. Ruwan famfo mai sanyi yana zuba a kai minti 20 cur, ba ƙanƙara ba, a rufe da ledar naɗe abinci mai tsabta, in babba ce ko a fuska ko jikin yaro a tafi asibiti. Yanka kuma saƙar gizo-gizo suke ɗorawa don tsaida jini, wanda ke iya jawo ciwon sarƙe haƙora tunda daga ɗakin dabbobi ake ɗebo ta, shima a bar shi.

Wanda ya ci sunansa shine gansakukan fadama da ake kira sfagnum, yana tsotse ruwa ninkin nauyinsa wajen sau 20 kuma tsaminsa baya barin ƙwayoyin cuta su yaɗu, a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 mata da yara sun yi ta tsinko shi a fadamun Ayilan ana ɗinka bandeji ana aika wa sojoji. Na maruru kuwa burodi ake jiƙawa a ruwan zafi a matse a naɗe a tsumma a ɗaura ya kwana, ɗumin ne ke sa ya nuna ya fashe, tawul mai ɗumi ma zai yi hakan. Mai ciwon suga kar ya gwada ko ɗaya a ƙafarsa.

Me ake nufi in aka ce wane "yana da the cure"?

Ana nufin yana da baiwar ciwo guda ɗaya tak, ba boka bane mai maganin komai. Hanyoyin samunta suna da ban mamaki. Ɗa na bakwai a jere babu mace a tsakani, musamman in ubansa ma na bakwai ne, shi ke da maganin makero, ana cewa tun yana jariri ake sa masa tana a tafin hannu in ta mutu to baiwar ta tabbata. Wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa shi ke hura iska a bakin jariri mai fararen ƙurajen baki. Wanda ya taɓa lasar ɗan ƙadangaren ruwa shi ke lasar ƙuna. Wasu kuma addu'a ce ta sirri da ake gada a gida, galibi daga namiji zuwa mace daga mace zuwa namiji, na tsaida jini ko na targaɗe. Akwai kuma masu ɗori, gida-gida ne su ma.

Ƙa'idar da na fi girmamawa ita ce ba a biya. Mai baiwa na gaske baya karɓar kuɗi baya talla, wasu ko godiya basa so a yi musu wai tana karya maganin, sai dai ka ajiye kwalin biskit ka tafi. Yawanci zuwa uku ake yi, a wurare da dama Litinin da Alhamis da Litinin. Manomi ne ko direban bas, za a buga masa ƙofa ƙarfe goma na dare ya tashi ya saurari baƙon da bai taɓa gani ba, a ganina wannan saurarawar ita ce babban abin da mutane ke zuwa nema. To duk wanda ya yanka maka farashi da sunan wannan al'ada, su kansu 'yan ƙasar basa yarda dashi.

Inda zan ja kunne: makero daga maruƙa ake yawan ɗaukarsa a nan kuma man shafawa na famasi yana kashe shi, na kai sai da ƙwayoyi daga likita. Sannan akwai ƙurajen nan masu zafi kamar wuta da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki ga wanda ya taɓa yin ƙarambau, al'adar ita ce a shafa jinin ɗan gidan Keogh. Jinin wani a kan buɗaɗɗen ƙurji haɗari ne, kuma maganin asibiti ya fi aiki in an fara cikin awa 72, kar a ɓata kwanakin nan a hanya.

Tusar jaki da hazbiya?

Tusar jaki ta fi kowane ciwo yawan magani a rubutun yaran nan na 1937. A goga dodon-koɗi a soke shi a ƙaya, yana bushewa tana bushewa. A goga yankan dankali a binne. A sa ƙananan duwatsu adadin ƙurajen a ƙulli a yar a mararraba, wanda ya ɗauka ya kwasa. Ko wani ya saye ta da kwabo, ko a wanke da ruwan saman da ya taru a ramin dutse. Kowa zai rantse maka nasa ya yi aiki, kuma ba ƙarya yake ba, domin yawancinta da kanta take ɓacewa cikin watanni zuwa shekara biyu musamman a jikin yara. Hazbiya kuma ƙayar guzberi ake nuna wa ido sau tara, ba a taɓawa. Tsumma mai ɗumi sau uku ko huɗu a rana ya wadatar.

Na ji wai ana ratsa yaro ta ƙarƙashin jaki, da gaske?

Da gaske an yi, don tarin shiƙa, ta ƙarƙashin ciki a ɗago ta bayansa sau uku. Ko a ba yaron ragowar madarar da feret ta sha, wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake farautar zomo da ita, ko burodi daga hannun matar da sunan gidansu ɗaya da na mijinta, ko a tare mai farin doki a hanya duk abin da yace a yi. Hangum kuma ragamar jaki ake sa wa yaro a ja shi ya zagaya ɗakin aladu ko rijiya. Ni in na karanta waɗannan tausayi suke bani, uwa ce tana kallon jaririnta yana shiƙewa babu allura babu komai, duk abin da aka ce zata yi.

Yanzu akwai rigakafi kuma kyauta ne ga yara. Na tarin shiƙa yana cikin allurar wata 2 da 4 da 6, ana yi wa mai ciki ma tsakanin sati 16 zuwa 36 don ta kare jaririn, na hangum yana tare da na ƙyanda a wata 12.

Sanyin ƙashi ya dame ni tunda na zo, akwai nasu?

Akwai wankan ciyawar teku, ana zuba ta a baho da ruwan teku mai zafi har ya yi santsi kamar mai. A Enniscrone ta Sligo akwai gidan wankan da ke aiki tun 1912, ɗaki-ɗaki ne kowa da ƙofarsa, mata ba abin damuwa. A da kuma suna da ƙananan ɗakunan dutse na sirace, sun fi yawa a Leitrim, a hura wuta a ciki a kwashe tokar mutum ya rarrafa ya shiga ya yi gumi ya fito ya faɗa rafi. Amma ciwon jikinmu a nan sau da yawa ƙarancin bitamin D ne saboda rashin rana, a yi gwajin jini.

Rijiyoyin waliyyai da ƙyallen Brigid, waliyyiyar Kiristocin Ayilan, ya dace Musulmi ya je?

Akwai irin rijiyoyin nan wajen 3,000, kowacce da waliyyinta da ciwonta, na ido sun fi yawa. Ana zagayawa ta hannun dama ana addu'o'in Katolika, a jiƙa ƙyalle a shafa wajen ciwo a ɗaure a bishiyar gefe, yana ruɓewa ciwon na tafiya. Ƙyallen Brigid kuma daren 31 ga Janairu ake shanya shi a waje, a ajiye shi shekara guda don ciwon kai da na maƙogwaro, tun 2023 ma aka sa hutun ƙasa a farkon Fabrairu don ranar tata.

Wannan ibada ce ba haɗin kicin ba, shi yasa na raba su tun a amsar farko. Ni bana zuwa neman waraka a can, mai son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa. Amma in ka bi ta wajen kar ka taɓa ƙyallayen da hotunan da aka ajiye, kowanne na wani ne da ke da mara lafiya a gida. Kuma ko waye kai kar ka sha ruwan, ba a tace shi ba kuma shanu na kiwo a kewaye.

Akwai wanda kimiyya ta tabbatar?

Labarin ƙauyen Boho da ke Fermanagh a Ayilan ta Arewa shi aka fi yaɗawa. Akwai kabarin wani fada, wato limamin coci, James McGirr, da ya rasu a 1815, mutane na ɗibar ƙasar kabarin a ƙulle a tsumma a sa ƙarƙashin filo, a mayar bayan kwana huɗu. A 2018 masu bincike na jami'ar Swansea, cikinsu harda Gerry Quinn ɗan yankin, suka ba da rahoton wani sabon nau'in bakteriya na Streptomyces a ƙasar Boho da ya hana wasu ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani girma, harda MRSA. A ɗakin gwaji aka ga haka ba a jikin mutum ba, to ba lasisin cin ƙasa bane.

Foxglove mai dogayen furanni kamar ƙararrawa, da suke kira lus mór, daga shi aka samo maganin zuciya digoxin, amma ɗanyensa guba ne, kuma ganyensa kafin ya yi fure yana kama da na comfrey da ake ɗaurawa a targaɗe. Shi comfrey ɗin ma a fata kawai, shan sa yana lalata hanta.

Suna danganta ciwo da aljanu kuwa?

A da sosai. Biddy Early ta Feakle a Clare, 1798 zuwa 1874, ita ce mai maganin da ta fi suna, ana cewa tana duba wata shuɗiyar kwalba ta ga abin da ke damun mutum. Limaman coci sun yaƙe ta, a 1865 aka kai ta kotu a Ennis da tuhumar maita, shaidu suka ƙi magana shari'ar ta watse.

Ɗayan labarin mai ciwo ne. A watan Maris 1895 a Tipperary, wata matashiya mai ɗinki Bridget Cleary ta kwanta rashin lafiya kwanaki, mijinta Michael ya yarda cewa aljanu sun ɗauke matarsa sun ajiye wata a madadinta. Aka danne ta aka ɗura mata ganyaye a madara, daga baya ya ƙona ta har lahira a gaban danginta. An yanke masa shekara 20, ya yi 15. Har yau tsofaffin yankin suna rage murya in za su ambaci sunanta.

Ina aikin kula da tsofaffi, in ɗayansu ya nemi irin wannan maganin ya zan yi?

Abin da ba a sha ba a shafawa a rauni, kamar ƙyalle ko ruwan coci a goshi ko ƙullin ƙasa a filo, nasa ne da imaninsa, ki bar masa ki kuma kula kar a haɗa da kayan wanki. Duk abin da zai shiga ciki ko ya hau kan ciwo kuwa sai nas mai kula da sashen ta sani kuma a rubuta, ko da iyali ne suka kawo, domin yawancinsu suna kan maganin tsinka jini irin warfarin kuma ganyaye na rikita shi. Wani tsiro da ake kira St John's wort ma a shekarar 2000 aka mayar da shi sai da takardar likita a ƙasar nan saboda haka. In iyali suka ce za su kawo mai baiwa, ki sanar da nas, yawanci ana bari in dai addu'a ce kawai ba a dakatar da magani ba.

Kuma ki tambaye su, suna son a tambaya. Akwai wata baiwar Allah mai shekara casa'in da ɗoriya da ta manta sunayen 'ya'yanta, amma duk ƙarshen Janairu in aka ce mata gobe ranar Brigid sai ta fara laluben aljihun rigar sanyinta. Jan ribon ne, ni nake buɗe mata taga in ɗaure shi a waje, da asuba kafin in tashi aiki in ciro mata shi da sanyinsa ta naɗe a wuya.